Ƙishin Rai: Marmarin Alherin Allah a Rayuwar Mai Bi

Nassin nazari: Zabura 42, Fitowa 33:1-17, Luka 18:9-14
Ayar haddacewa: Matiyu 5:6

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye a ƙarshen rani ya san abin da ake kira ƙishi. A watannin Maris da Afrilu rijiyoyi sukan ja baya, guga ya koma yana ɗebo laka, rafin da yara suke iyo a cikinsa da damina ya zama yashi. Mata sukan tashi tun da asuba su tona ramuka a cikin yashin, su zauna suna jiran ruwa ya tsattsafo, suna kwalfa da ƙoƙo kaɗan kaɗan har tulu ya cika. A birni kuma kuɗin jarkar 'yan garuwa yakan hau. A irin wannan lokaci ba a tara mutane don a koya musu amfanin ruwa, gama maƙogwaronsu ya riga ya koya musu.

Da wannan hoto ne Littafi Mai Tsarki yake kwatanta ran da yake neman Allah. Yana kuwa yiwuwa majami'a ta cika maƙil kowace Lahadi, ƙungiyoyi su yi yawa, a yi taron farkawa da azumi da ranar godiya, amma a sami mai bi wanda ya daɗe bai ji wannan ƙishi ba. Yana zuwa sujada domin ya saba, yana addu'a domin ana yi, zuciyarsa kuwa ta bushe kamar rafin bazara. Wannan darasi zai duba mene ne alherin Allah, yadda bayin Allah suka yi marmarinsa, abubuwan da suke kashe wannan marmari, da yadda iyali za su kiyaye shi da rai a cikin gida.

1. Mene ne alheri?

A Hausar yau da kullum, alheri shi ne kirki ko kyautar da wani ya yi wa wani. Akan ce alheri gadon barci ne, akan kuma ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Karin maganan nan biyu suna da hikima, amma dukansu suna duban abin da zai komo wa mai alherin. Haka mu'amalar mutane take. Matar da aka kai wa gudunmawa ranar bikin 'yarta ta san an ɗora mata bashi, wata ma takan rubuta sunaye a littafi don kada ta manta ranar ramawa. Wanda ya yi wa babban mutum kyauta yakan sa rai a tuna da shi wata rana.

Alherin Allah bai hau wannan ma'auni ba. Kalmar Helenanci da aka juya ta zuwa alheri a Sabon Alkawari ita ce karis. Ta bayyana fiye da sau 150, kuma Manzo Bulus ya buɗe dukan wasiƙunsa 13 da ita, ya kuma rufe su da ita. Ma'anarta ita ce tagomashin da Allah yake nuna wa wanda bai cancanta ba, wanda kuma ba shi da halin ramawa. A Romawa 4:4 Bulus ya bambanta lada da kyauta: abin da aka biya ma'aikaci haƙƙinsa ne, ba wanda zai ce an yi masa alheri. A Romawa 5:6-10 kuwa ya nuna halin waɗanda Almasihu ya mutu dominsu, wato marasa ƙarfi, masu zunubi, har ma maƙiyan Allah. Afisawa 2 ta ƙara da cewa matattu ne a cikin laifofinsu. Matacce ba ya kai gudunmawa, ba ya kuma rama biki.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wato a ɗauka alheri ƙofa ce kawai wadda mutum ya shiga ta cikinta ranar da ya tuba, daga nan kuma sai ya ci gaba da ƙarfin kansa. Bulus bai ga abin haka ba. Bayan shekaru masu yawa yana aikin bishara, ya shaida a 1 Korantiyawa 15:10 cewa duk abin da ya zama da duk wahalar da ya sha, alherin Allah ne ya aikata su a cikinsa. Titus 2:11-12 ta nuna alheri kamar malami mai horar da mai bi ya rabu da rashin tsoron Allah. Saboda haka dattijon ikkilisiya mai shekara 70 yana bukatar alheri yau daidai da yaron da aka yi wa baftisma jiya. Ruwan da aka sha jiya ba ya kashe ƙishin yau.

2. Ƙishin 'ya'yan Kora

Kan maganar Zabura 42 ya danganta ta da 'ya'yan Kora. Wannan suna yana da tarihi. Kora Balawe ne wanda ya tayar wa Musa da Haruna a jeji, hukuncin Allah kuwa ya auka masa da mutanensa, kamar yadda Littafin Ƙidaya 16 ya ba da labari. Amma Ƙidaya 26:11 ta faɗa cewa 'ya'yansa ba su mutu ba. Daga zuriyar nan da aka bari da rai ne aka sami matsaran ƙofa da mawaƙa a ɗakin Allah, har da Heman, ɗaya daga cikin shugabannin mawaƙa a zamanin Dawuda. Jikokin ɗan tawaye ne suka zama masu bi da sujada. Gidan da ya san cewa jinƙai ne ya bar shi da rai, ba abin mamaki ba ne a ji irin wannan waƙa daga cikinsa.

Mawaƙin ya kwatanta ransa da barewar da ƙishi ya kora neman rafi. Yana nesa da Urushalima, can arewa wajen Urdun da Dutsen Harmon. Hawaye sun zama abincinsa, maƙiya suna yi masa ba'a suna tambayarsa inda Allahnsa yake, shi kuwa yana tuna kwanakin da yakan ja taron masu sujada zuwa ɗakin Allah da sowa. Abin lura shi ne, ƙasar da yake zaune ba ƙasar fari ba ce. Daga gindin Harmon ne maɓuɓɓugan Kogin Urdun suke fitowa, aya ta 7 ma ta ambaci rurin ruwa mai gangarowa. Mutumin yana tsakiyar ruwa, amma yana kukan ƙishi, domin abin da ransa yake nema ba ya cikin kogi.

Iyalai da yawa a ƙasar nan sun san ɗacin wannan zabura. Akwai waɗanda rikici ya raba da gonakinsu da majami'ar da aka yi musu baftisma da aure, suna zaman baƙunci a garin da ba nasu ba. Akwai waɗanda neman abinci ya kai su nesa da gida, inda da ƙyar suke samun masu sujada da harshen da suka sani. Zaburar ba ta tsauta wa irin waɗannan saboda hawayensu ba. Ta dai nuna musu abin yi. Sau 3, a 42:5, da 42:11, da 43:5, mawaƙin ya juya ya yi wa ransa tambaya a kan dalilin karayarsa, ya kuma umarce shi ya sa zuciya ga Allah. Bai jira sai ya ji daɗi kafin ya yi haka ba. Ya yi wa kansa wa'azi tun yana cikin kuka.

3. Mai kyauta ya fi kyauta

Tambayar da ta fi nauyi a wannan darasi ita ce, mene ne ainihin abin da mai bi yake marmari? Fitowa 33 ta sa wannan tambaya a fili. Isra'ilawa sun yi ɗan maraƙin zinariya sun yi masa sujada. Bayan haka Allah ya ce wa Musa su tashi su tafi ƙasar alkawari. Zai aiki mala'ika a gabansu, zai kori al'umman da suke ƙasar, za su sami madara da zuma, amma shi kansa ba zai tafi a tsakiyarsu ba saboda taurin kansu. Duk abin da suka fito Masar dominsa yana cikin wannan tayi: ƙasa, da nasara, da wadata. Abu ɗaya ne kaɗai babu, wato Allah.

Musa bai karɓa ba. Ya roƙa cewa in Allah ba zai tafi tare da su ba, to, kada ma a ɗaga su daga wurin. Ya gwammace zaman jeji tare da Allah da zaman Kan'ana ba tare da shi ba. Hujjarsa kuwa ita ce, babu wata alamar da za ta nuna sun sami tagomashi a wurin Allah in ban da kasancewarsa tare da su. Allah ya amsa roƙon. Musa kuma bai tsaya nan ba, ya ƙara roƙo a nuna masa ɗaukakar Allah. Haka marmarin gaske yake, wanda ya ɗanɗana yakan nemi ƙari.

A Yahaya 6 an ga akasin haka. Yesu ya ciyar da mutum 5,000, kashegari taron suka haye teku suka bi shi har Kafarnahum. Mai kallo daga nesa zai ce babu masu himma kamarsu. Amma Yesu ya gaya musu a fili cewa gurasar da suka ci suka ƙoshi ce ta kawo su. Da ya miƙa musu kansa a matsayin abincin rai, sai da yawa suka juya baya.

A zamanin nan an cika amfani da kalmar alheri a kan mota, da ƙarin girma a wurin aiki, da buɗin kasuwa, har wasu suna auna alherin Allah a kan mutum da kaurin aljihunsa. Roƙon abin masarufi ba laifi ba ne, Ubangiji da kansa ya koya wa almajiransa su roƙi abincin yini. Uban da yake roƙon kuɗin makarantar 'ya'yansa da uwar da take roƙon warkewar ɗanta suna kan hanya. Amma ya kamata kowane mai bi ya gwada zuciyarsa da tayin da aka yi wa Musa. Da za a ba shi lafiya, da gida, da 'ya'ya masu albarka, a ce masa amma Allah zai tsaya nesa, zai karɓa, ko zai ƙi tashi? Amsar da zuciya ta bayar a ɓoye ita ce take nuna abin da ake ƙishinsa.

4. Abubuwa 3 masu kashe ƙishi

Na fari shi ne ganin an isa. Lawudikiya birni ne mai arziki a ƙasar da take Turkiyya a yau, sananne wajen harkar kuɗi, da baƙin ulu, da maganin ido. Sa'ad da girgizar ƙasa ta rushe shi wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, mutanensa suka sake gina shi da dukiyarsu ba tare da taimakon Roma ba. Wannan hali ya shiga ikkilisiyar garin. A Wahayin Yahaya 3:14-22 tana ganin ba ta bukatar kome, Ubangiji kuwa yana ganinta matalauciya, makauniya, tsirara, shi kansa ma yana waje yana ƙwanƙwasa ƙofa. Bafarisiyen Luka 18 ɗan wannan gida ne. Azuminsa sau 2 a mako gaskiya ne, zakarsa ma gaskiya ce. Sai dai ya je Haikali da hannu cike, bai roƙi kome ba, bai kuwa sami kome ba. Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji, jinƙai kaɗai ya roƙa, shi ne kuma ya koma gida baratacce. Wannan haɗari ya fi kusa da waɗanda aka haifa a gidan masu bi, waɗanda ba su taɓa yin wani abin kunya a idon jama'a ba. Tulun da yake cike da yashi ba shi da wurin ruwa.

Na biyu shi ne ciniki da Allah. A Ayyukan Manzanni 8, Saminu mai sihiri na Samariya ya ga abin da Ruhu Mai Tsarki yake yi ta hannun manzanni, sai ya fito da kuɗi don ya saya. Bitrus ya tsauta masa da zafi saboda ya zaci kyautar Allah abin sayarwa ce. Wannan tunani bai mutu tare da Saminu ba. Martin Luther ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta ƙasar Jamus a 1505, ya yi ta azumi da tsaron dare da doguwar furta zunubi don ya sami karɓuwa a wurin Allah, amma lamirinsa bai huta ba. Hutu ya zo masa ne sa'ad da ya gane daga Romawa 1:17 cewa adalcin da Allah yake nema, Allah ne yake bayar da shi ta wurin bangaskiya. A 1517 kuwa ya tashi gāba da sayar da takardun gafara. Har yau duk wanda ya ba da baiko, ko ya yi azumin kwana 7, yana tsammani ya ɗaure Allah da bashi, ya koma kasuwar Saminu. Bayarwa da azumi ayyuka ne masu kyau in godiya da neman fuskar Allah ne suka haife su. Amma ba su ne kuɗin alheri ba. Ishaya 55:1-2 ta kira masu ƙishi da marasa kuɗi su zo su karɓa kyauta.

Na uku shi ne shan ruwan da ba ya kashe ƙishi. Ta bakin Irmiya (2:13) Allah ya zargi jama'arsa da laifi biyu: sun rabu da shi, maɓuɓɓugar ruwan rai, sun kuma haƙa wa kansu tafkuna masu tsaguwa waɗanda ba sa riƙe ruwa. Yaron da ya cika cikinsa da alewa ba ya marmarin tuwo in dare ya yi. Haka zunubin da ake ɓoyewa, da son kuɗi, da gabar da aka ƙi kashewa, da sa'o'in da waya da talabijin suke cinyewa, sukan toshe yunwar ruhu har mutum ya daina jin daɗin Maganar Allah bai san dalili ba.

5. Ƙishin kansa kyauta ne

Wani mai karatu zai ce, to, wanda ya duba zuciyarsa ya tarar ba ƙishin fa, ina zai samo shi? Tarihin wani ɗan Afirka yana da taimako a nan. An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar da take Aljeriya a yau. Uwarsa Monika mai bi ce, ta kuwa yi shekaru tana kuka da addu'a dominsa. Shi kam ya bi ilimi da suna da sha'awar jiki, ya shiga wata ƙungiyar addini ta Manikiyawa wajen shekara 9, ya koyar da fasahar magana a Kartaj, da Roma, da Milan. Ya sami abin da ya nema, amma ransa bai kwanta ba. Shi da kansa ya ba da labarin yadda a ƙuruciyarsa yakan roƙi Allah tsarkin rai, yana kuma fatan kada a amsa da wuri. A shekara ta 386, a wani lambu a Milan, ya buɗe wasiƙar Bulus ya karanta Romawa 13:13-14, sarƙar da ta ɗaure shi kuwa ta tsinke. Aka yi masa baftisma a 387, daga baya ya zama bishop na Hippo har rasuwarsa a 430.

Da Agustin ya waiwayi rayuwarsa, sai ya gane cewa rashin kwanciyar ran nan da ya dame shi shekara da shekaru, Allah ne yake jawo shi da shi. Saboda haka sa'ad da wani malami mai suna Pelagiyus ya koyar cewa mutum yana iya yin biyayya ga Allah da ƙarfin nufinsa, Agustin ya tsaya a kan tambayar Bulus a 1 Korantiyawa 4:7, wadda take nuna cewa ba abin da mutum yake da shi wanda ba karɓa ya yi ba. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a Kartaj a 418 ta ƙi koyarwar Pelagiyus. Nassi ma ya riga ya faɗa: a Yahaya 6:44 Uba ne yake jawo mutum zuwa wurin Ɗan, a Filibiyawa 2:13 kuma Allah ne yake aikata nufin da aikin duka a cikin mai bi.

Wannan babbar ta'aziyya ce. Uwar da ta yi jinyar ɗa ta san ranar da ya buɗe baki ya nemi kunu ita ce ranar da sauƙi ya fara. Gawa ba ta jin ƙishi. Mai bi wanda bushewar zuciyarsa take damunsa, wanda yake baƙin ciki domin ba ya ƙaunar Allah yadda ya kamata, damuwar nan tasa shaida ce cewa Ruhu bai rabu da shi ba. Wanda kuma bai ji kome ba sam, yana iya fara roƙo daga nan, ya ce wa Allah ya ba shi ƙishin. Wannan ma addu'a ce da Allah yake ji.

6. Sa'ad da amsa ta zo dabam

Marmarin alheri ba ya nufin kowace ƙaya za ta fita. Bulus ya yi maganar wata ƙaya a jikinsa a 2 Korantiyawa 12:7-10. Sau 3 ya roƙa a cire ta. Mutumin da aka warkar da marasa lafiya ta hannunsa bai sami abin da ya roƙa wa kansa ba. Ubangiji ya amsa masa cewa alherin da yake ba shi ya wadatar, a wurin rarrauna ne kuma ikonsa yake bayyana sosai. Bulus ya tashi daga addu'ar da ƙayarsa, amma ya tashi da abin da ya fi cirewar ƙayar.

Ya kamata ikkilisiya ta riƙe wannan da kyau saboda gwauruwar da take renon marayu, da ma'auratan da suka yi shekaru ba haihuwa, da mai ciwon da ya ƙi jin magani. Zalunci ne a ce wa irin waɗannan rashin bangaskiyarsu ne ya hana su alheri. Sau da yawa a ɗakunansu ne alherin Allah ya fi yawa, gama shi ne yake tashe su kowace safiya ba tare da sun la'anci Allah ba.

7. Inda ake ɗiban ruwan

A ranar ƙarshe ta Idin Bukkoki, idin da firistoci sukan ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam su zuba a bagade, Yesu ya miƙe ya kira duk mai jin ƙishi ya zo wurinsa ya sha (Yahaya 7:37). Shi ne maɓuɓɓugar. Mutum ba ya iya sa ruwa ya tsattsafo, amma yana iya kai tulunsa inda ruwan yake. Allah ya tanada hanyoyi, iyali kuwa suna iya binsu tare.

Maganar Allah da addu'a a cikin gida. Minti 15 kowace rana, da safe ko bayan tuwon dare, a karanta ɗan sashe, a yi waƙa, kowa ya faɗi abin da yake so a roƙa masa, ya fi dogon taro sau ɗaya a wata. Maigida ne ya kamata ya ja gaba. Inda ba ya nan, uwa ta riƙe, kamar yadda Loyis da Afiniki suka yi wa Timoti.

Zumunta da Jibin Ubangiji. Mawaƙin Zabura 42 ya yi kewar taron masu sujada, bai ɗauke shi abin wasa ba. A teburin Ubangiji kuwa kowa hannu yake miƙawa ya karɓa, mai kuɗi da talaka, fasto da sabon tuba. Ba wanda yake zuwa da nasa guzurin.

Furta laifi. Yaran da ba su taɓa jin mahaifinsu ya ce wa mahaifiyarsu ta yi haƙuri ba, ko ya roƙi gafarar Allah a gabansu, za su girma suna zaton Kiristanci na marasa laifi ne. Randa suka faɗi kuwa sai su ɓuya, ko su gudu daga ikkilisiya. Iyayen da suke tuba a fili suna nuna wa 'ya'yansu hanyar rijiya.

Yin alheri ga wanda ba zai rama ba. A Matiyu 18:21-35 bawan da aka yafe wa talanti 10,000 ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100. Wanda ya sha daga alherin Allah ana ganewa ta yadda yake bi da 'yar aikin gidansa, da surukarsa, da marayan ɗan'uwansa, da maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba. Alheri kuma ba izinin ci gaba da zunubi ba ne, Romawa 6:1-2 ta rufe wannan ƙofa. Ƙasar da ta sha ruwa, tsiro ne shaidarta.

Kammalawa

Yesu ya sa albarka a kan masu yunwa da ƙishin adalci, ya kuma yi musu alkawarin ƙoshi. Bai sa sharaɗin ilimi, ko kuɗi, ko daɗewa a ikkilisiya ba. A shafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki ma (Wahayin Yahaya 22:17) ana kan kiran mai ƙishi ya zo ya ɗibi ruwan rai kyauta. Matan da suke tonon yashi da asuba ba su da tabbacin tulunsu zai cika, duk da haka suna fita. Mai bi kuwa yana da alkawarin wanda ba ya ƙarya. Abin da ya rage masa shi ne ya zubar da yashin da ke cikin tulunsa, ya zo da shi wofi.

Tambayoyi don tattaunawa a iyali

1. Ina bambancin alherin da mutane suke yi wa juna da alherin Allah?
2. Me ya sa Musa ya ƙi tafiya Kan'ana duk da alkawarin mala'ika da nasara?
3. Cikin abubuwa 3 masu kashe ƙishi, wanne ya fi barazana ga wannan gida?
4. Wace ta'aziyya za a kai wa mai bi wanda ya ce zuciyarsa ta bushe?
5. Wane mutum ne iyalin za su yi wa alheri a wannan mako, wanda ba shi da halin ramawa?

Abin addu'a

A gode wa Allah saboda ceton da ya bayar kyauta cikin Yesu Almasihu. A roƙe shi ya farkar da ƙishinsa a zuciyar iyaye da 'ya'ya, ya tsare ikkilisiya daga masu mai da alherinsa abin ciniki, ya kuma ƙarfafa gwauraye, da marayu, da marasa lafiya, da waɗanda aka raba da gidajensu.